Buɗaɗɗiyar mota mai kujera biyu: za ta iya zama motar kullum a Kaduna?

Sadiq Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a fara da dariya. Akwai wata Mercedes SLK 350 ta 2006 da na gani a wurin wani dillali, baƙa, cikinta jan fata, daga Amurka aka kawo ta, ba a taɓa hawanta a nan ba. Irin mai kujera biyun nan da rufinta ke naɗewa ya shige but. Sati biyu ke nan ina zuwa ina kallonta kamar mai zuwa zance. Matsalar ita ce ba ni da ƙarfin riƙe mota biyu. In zan saye ta, sai na sayar da Corolla ɗita ta 2010 na cika kuɗi. Ke nan ita ce ta zuwa ofis, ita ce ta cefane, ita ce ta zuwa gaida Hajiya a Rigasa duk Juma'a. Akwai wanda ya taɓa gwada irin wannan?

Nura Fagge: Wa alaikumus salam. Kafin a shiga maganar inji, ka fara sayen hula dozin guda. Duk ranar da ka buɗe saman nan ka hau gadar Kawo, zanna bukar ɗinka sai dai a tsince ta a Mando.

Sadiq Unguwar Rimi: Na ce kada a fara da dariya, Nura.

Nura Fagge: Ai ban fara ba tukuna.

Abba na Manchester: Sadiq, rabu da shi. Ni ne shaida, shekara huɗu ke nan ba ni da wata mota sai Mazda MX-5 ta 2016, kuma da ita nake zuwa aiki kullum, da rani da damina. Mutane suna ɗauka irin waɗannan motocin na ado ne kawai, alhali ba haka ba ne. Mazda ta fara yin MX-5 tun 1989, a 2016 ta cika guda miliyan ɗaya, kuma tana cikin kundin Guinness a matsayin motar tsere mai kujera biyu da aka fi saye a duniya. Kana ganin duk mutanen nan ajiyewa suke yi suna kallo? Nan Ingila da ruwa ba ya ɗaukewa, suna cikin waɗanda suka fi kowa sayen buɗaɗɗun motoci a Turai. Rana ta ɗan leƙo, sai ka ga tsoho da furfurarsa ya zuge rufi. Tawa da hannu ɗaya nake buɗe ta ina zaune, kafin danja ta ba da hannu na gama. But ɗin dai ƙarami ne, lita 130, amma cefanen sati yana shiga. In dai zuciyarka tana so, saya. Rai guda ne.

Jamila Wuse: Yaya Abba, ranar da take leƙo muku a can ba ita ce take fito mana a nan ba. Ku kuna neman rana ne, mu kuma gudunta muke yi. Ka tuna watan Afrilu a Kano ko ka manta? Zafi ya haura 40, ka buɗe sama da azahar ka zauna a kan kujerar fata? Ai gasa kanka za ka yi kamar tsire.

Abba na Manchester: Wa ya ce a buɗe da azahar? Bayan la'asar fa? Da dare fa?

Jamila Wuse: To shi ke nan, mu lissafa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu, ka buɗe minti goma ka fito fari fat har gashin ido. Maris zuwa Mayu zafi. Yuni zuwa Satumba ruwa, wanda ba ya sallama kafin ya sauko. Saura Oktoba da Nuwamba, sai 'yan dararen da Allah ya sa iska ta yi daɗi. Ke nan mutum zai biya kuɗin rufi mai buɗewa, ya yi wata tara ko goma a rufe. Ban ce motar ba ta da kyau ba fa. Wallahi ina son ta. Lissafi kawai nake yi.

Oga Bala Panteka: Salamu alaikum. Yanzu na wanke hannu na ga ana ta kirana. Sadiq, bari in raba maka maganar gida biyu, domin motar Abba daban, wadda kake so daban.

Ta Abba rufin yadi ne, da hannu ake ja, babu abin lalacewa a ciki sai yadin kansa. Taka rufin ƙarfe ne, kuma ba hannu ke ɗaga shi ba, haidirolik ne. Akwai famfo, akwai silindoji, akwai siraran bututun mai, akwai ƙananan makunnai da ke gaya wa kwamfutar motar cewa wannan sashe ya kulle, wancan ya buɗe. Ka danna maɓalli, cikin daƙiƙa 22 ya naɗe ya shige. Abin sha'awa ne in yana aiki. Amma motar nan ta kusa shekara ashirin. Robobin da ke cikin silindojin nan suna bushewa da tsufa, zafinmu kuma yana ƙara musu sauri. In suka fara yoyo, mai ya ragu, wata rana rufi zai taso ya tsaya a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba.

Na taɓa ganin haka da idona, ba wannan samfurin ba, wata buɗaɗɗiya ce daban. Wani yaro ya kawo mini ita a bayan motar ja, rufin ya tsaya cak kamar kunkuru ya ɗaga ƙoƙonsa, ga hadari ya haɗu. Da ledar shimfiɗa muka lulluɓe ta. Wani mai rewaya ne ya riga ni taɓa ta, ya yanke waya ya haɗa kai tsaye wai don ya huta da makunnin, ya kuma ɗura man birki a famfon da ba ya shan sai nasa mai na musamman. Wata biyu tana kwance a gareji muna jiran kaya.

Sadiq Unguwar Rimi: Oga, kayan gyaran fa? Dillalin ya ce komai akwai.

Oga Bala Panteka: Dillali ai bai taɓa cewa babu ba. Gaskiyar ita ce rabi da rabi. Injin ba baƙo ba ne, V6 ne mai lita 3.5, irinsa ne a Mercedes E350 da C350 da ML350 na wannan zamanin, don haka fulogi, matatar mai, famfon ruwa, duk za ka samu a nan Panteka, in babu a aiko daga Ladipo a Legas. Giyar ma haka. Inda za ka sha wahala shi ne abin da yake nata ita kaɗai: fitila, bamba, gilashin ƙofa, gilashin baya, kayan rufi. Keke Napep ya goge maka fitilar baya a Kasuwar Barci, Corolla kafin magariba an sa wata. Wannan kuwa sai an yi oda, kuma da dala.

Sai abu biyu da za ka duba kafin ka ba da ko sisi. Na ɗaya, injin nan na shekarun farko, irin 2005 da 2006, an san shi da cinyewar wani haƙorin ƙarfe da sarƙar inji ke bi ta kansa. Kayan ba su ne tsada ba, aikin ne, domin sai an sauke inji gaba ɗaya. A sa kwamfuta a karanta, kada ka yarda da "an goge wutar gargaɗin inji". Na biyu, motocin Amurka da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci ake sayo su. Ka ɗauki lambar shasi ka bincika tarihinta a intanet, ka ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina. Buɗaɗɗiyar mota da ta taɓa shan ruwa, ko kyauta aka ba ka ka ce Allah ya amfana.

Nura Fagge: Ni tawa ba ta inji ba ce. Mu a Kano, mutum yana cikin mota gilashi a rufe ma yana ɓoye waya saboda masu ƙwace. Kai kuma za ka tsaya a cunkoso sama a buɗe, waya a kan cinya, kwamfutar ofis a kujerar gefe. Ba sai sun fasa gilashi ba, ka riga ka taimaka musu. Ga kuma duk wanda ya gan ka ya san mai kuɗi ya zo, alhali Corolla ka sayar ka cika. Mai faci zai ninka maka, mai wankin mota zai ninka maka, a shingen hanya kuwa kai ne na farkon "yallaɓai a faka".

Abba na Manchester: Wannan ai ba laifin motar ba ne. Kuma ta Sadiq in ya rufe ta, ƙarfe ce kamar kowace mota, ba za a yanka ta da reza ba. Nan ta fi tawa ma. Ga esi. Ku daina magana kamar zai hau babur.

Jamila Wuse: Wannan kam gaskiyar Yaya Abba ce. A rufe, mota ce sosai.

Baba Alhaji Kakuri: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, jikana ne ya ƙara mini girman rubutun. Sadiq, ɗana, kowa ya yi maka maganar ƙarfe da rana. Ni tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da Hajiyarka ta tashi da ciwo cikin dare, ƙanwarka za ta riƙe ta a hanya, ina ƙanwar za ta zauna?

Mu nan mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Ranar da ka sayi mota, unguwa ce ta yi mota. Maƙwabciya naƙuda ta kama ta, ƙofarka za a buga. An yi rasuwa, za a ce wa ke da wuri zuwa maƙabarta. Ɗaurin aure a Zariya, abokai huɗu sun riga sun sa rai. Ka fito masallacin Juma'a ka ga dattawa biyu na layinku suna jiran abin hawa, wa za ka ɗauka wa za ka bari? Abba yana can inda kowa tasa ta fisshe shi, motar asibiti tana zuwa in an kira. Kujera biyu ta ishe shi.

Na yi aiki a Kakuri lokacin da ake haɗa Peugeot, kamfanin da ya fara aiki a 1975. Abin da mutanenmu suke rububi shi ne 504, musamman doguwar nan mai layi uku na kujeru, saboda tana ɗaukar gida guda da buhun masara. Ita 504 ɗin tana da buɗaɗɗiya, Italiyawa ne suka zana ta, kyakkyawa ƙwarai, a hoto na san ta. Ba a haɗa ta a nan ba, kuma ban taɓa jin wanda ya zo ya tambaya ba.

Dokin hawan Sallah da jaki duk dabbobi ne. Amma ba a sayar da jaki a sayi doki, sannan a ce dokin zai riƙa kai taki gona.

Sadiq Unguwar Rimi: Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi maganarku ta shige ni. Amma ku yi mini afuwa in faɗi wani abu. Shekara bakwai ina da Corollar nan, kuma ba na jin na yi sati guda cur ita tawa ce. Yau a ara a kai amarya, gobe a ara a ɗauko kaya a tasha, a dawo mini da ita tanki a bushe, an karce ƙofa, ba wanda zai ce uffan. Wani ɓangare na abin da ya ja ni ga wannan motar shi ne ba mai cewa in ara masa. Ban sani ba ko son kai ne.

Nura Fagge: Yauwa, yanzu aka zo wurin. Ashe ba iska kake nema ba, mafaka kake nema.

Jamila Wuse: Ba son kai ba ne, Sadiq, gajiya ce, kuma duk mai mota a gidan yawa ya san ta. Amma ka lura, masu aron kai amarya su ne za su fi kowa damunka in ka sayi wannan. Kowane ango a Kaduna zai so a yi masa hoto a cikinta. Waɗanda za ka kora su ne Hajiya da ƙannenka, su da ba ka so ka kora.

Baba Alhaji Kakuri: Jamila ta faɗa. Koyon cewa a'a ya fi sayen mota araha, ɗana.

Abba na Manchester: Baba, da girmanku, ina da ja kaɗan a kan maganar doki. Dokin da aka ɗaure shekara guda ba a hawa, ranar hawan ma ba zai yi daɗi ba. Irin waɗannan motocin zama ne yake kashe su. Batir ya mutu, robobi su bushe, taya ta kwanta. Wadda ake hawa kullum ta fi lafiya. Oga Bala, ƙarya na yi?

Oga Bala Panteka: Ba ka yi ƙarya ba. Rufin ma ana so a riƙa buɗe shi a rufe ko sau ɗaya a sati don mai ya zagaya, a shafa wa robobin bakin rufi man da ke tausasa su, a kuma riƙa zuƙe ƙura daga ƙananan magudanan ruwa, domin in suka toshe, ruwan damina cikin but yake komawa. Amma Abba, hawa kullum a titinku daban, hawa kullum a hanyar Rigasa daban. Motar nan a ƙasa take. Tudun rage gudun da 'yan unguwa ke ginawa da kansu, wani kamar kabari, sai ta goga ciki. Tayoyinta sirara ne, rami ɗaya mai kyau ya isa ya kumbura taya ko ya lanƙwasa rim. Kuma na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba, ba za ka juya su ba kamar yadda kake yi wa Corolla.

Nura Fagge: Abba, tunda taka ba ta lalacewa, ka saka ta a jirgin ruwa ka aiko masa mana.

Baba Alhaji Kakuri: Ba za ta yiwu ba. Sitiyarinta a dama yake. Mun bar tuƙin hannun Ingila tun 1972, ina saurayi aka yi canjin, kuma doka ba ta yarda da irin wannan a titi ba.

Jamila Wuse: Ba wanda ya yi maganar mai. Injin Corolla lita 1.8 ne, wannan 3.5, kusan ninki biyu. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000. Sadiq, albashinka ya ninka ne?

Sadiq Unguwar Rimi: Anti Jamila, kar ki tona mini asiri a gaban jama'a.

Oga Bala Panteka: In dai iskar kake so kuma kana son kujerar baya, akwai Toyota Solara buɗaɗɗiya, kujera huɗu, ƙasanta Camry ce, kaya ko'ina. Sai dai rufin yadi ne, rana tana cin sa, kuma ba motar tsere ba ce.

Sadiq Unguwar Rimi: Oga, na gan ta. Ba ta sa gabana ya faɗi ba.

Oga Bala Panteka: To ciwon ya yi nisa. Ranar Asabar da safe ka biyo ta gareji mu je tare, zuwa da kai ya fi aike. Ka ce wa dillalin za mu fita da ita, kuma ba zagayen layi ba, har Rigasa.

*Ranar Asabar da yamma*

Nura Fagge: Jama'a, shiru. An saya ne ko an gudu?

Sadiq Unguwar Rimi: Ga rahoto. Mun je da Oga Bala. Da farko rufin ya ƙi motsi, gabana ya faɗi, dillali ya fara gumi. Ashe wani labule ne a cikin but da dole sai an ja shi an maƙala kafin rufi ya yarda ya buɗe, don kada ya danne kaya. Oga ya ja shi, na danna, ya naɗe lafiya lau. Sai dai abin da ya rage na but ɗin bayan rufi ya shiga, buhun shinkafa ba zai zauna ba, sai jakar hannu biyu.

Daga nan muka hau titi. Ba zan yi muku ƙarya ba, minti goman farko ban taɓa jin daɗin tuƙi irin wannan ba. Ka taɓa totur kaɗan ta zabura, ƙarar injin tana shigo maka kai tsaye, sama a buɗe. Har da wani abu a jikin kujera da ke hura iska mai ɗumi a wuya, Oga ya ce don sanyin Jamus aka yi shi. Na cire hula na ajiye tun kafin mu tashi, Nura, don kada ka ji daɗi.

Da muka sauka daga kwalta labari ya canza. Sau uku tana goga ciki, kowane ɗaya sai na ji kamar haƙorina ake kankarewa. Layinmu kuwa sai da na bi tudun a karkace, yara sun biyo mu a guje suna ihu. Hajiya ta fito, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Ina sauran motar?" Na lallaɓa ta ta shiga. Shiga ta yiwu, fitowa ce aiki. Kujerar a ƙasa take sosai, ga ciwon gwiwa, sai da ni da ƙanwata muka kama ta hannu bibbiyu. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi in na saya, ranar asibiti in riƙa turo mata Keke.

Oga Bala Panteka: Ni kuma nawa rahoton: inji lafiya, kwamfuta ba ta nuna matsalar haƙorin nan ba, ƙasan kafet a bushe, ba warin ruwa. Amma akwai danshin mai a jikin rufi daga ciki, wajen makullin gaba. Silinda ɗaya ta fara yoyo. Ba babban abu ba ne yanzu, amma a rage shi a cikin kuɗi.

Sadiq Unguwar Rimi: Ba sai an rage mini ba. Corolla tana nan. Na dawo gida na zauna a cikinta a ƙofar gida kusan minti biyar ban kashe ba, raina ba daɗi, amma tana nan.

Abba na Manchester: Kash. To in ka zo hutu ka tuƙa tawa har ka gaji.

Baba Alhaji Kakuri: Allah ya yi maka albarka, ya hore maka ta biyun. Ka gaida Hajiya.

Jamila Wuse: Sadiq, tunda ka haƙura, turo mini lambar dillalin ta akwatin sirri. Ni daga Wuse zuwa Maitama nake zirga-zirga, kwalta ce har ƙofar ofis, Sienna ɗin maigida kuma tana nan don yara da 'yan aro.

Nura Fagge: La ilaha illallahu! Ke da kika lissafa mana wata goma a rufe?

Jamila Wuse: Na ce wata goma a rufe, ban ce wata biyun ba su isa ba. Oga Bala, nawa ne gyaran silindar nan, kuma akwai wanda ka yarda da shi a Apo?

Oga Bala Panteka: Akwai wani yarona a can. Amma Hajiya, kafin ki biya, bari in sake duba tarihin lambar shasin, intanet ɗin ta yanke mana ɗazu. Zan kira ki Litinin in sha Allah.